Daren Sanyi a Fulorida

Jihar Fulorida ta Amurka mayaudariya ce ga mai shuka. Kusan duk shekara zafi ne da laima, mangwaro da gwanda da ayaba su yi ta sakewa, sai dare ɗaya a Janairu iska ta gangaro daga Kanada, raɓa ta daskare, wahalar shekara biyar ta wayi gari baƙi ƙirin. A wannan daren ake sanin halin kowa.

Ga Sarkin Musu. Ma'aikatar gona ta raba ƙasar shiyya-shiyya gwargwadon tsananin sanyi, shi kuwa ya ce gidansa daban ne, ai akwai katanga, akwai tafki kusa. A Orlando yake zaune, amma kwakwa ya dasa, wadda sai can wajen Miyami take jin daɗi. Ka tuna masa sanyin Kirsimetin 1989 ko na Janairun 2010, lokacin da ƙadangarun iguwana suka riƙa sandarewa suna faɗowa daga bishiya, ya ce da can ne. Kwakwar ta mutu, ya ɗora wa mai sayarwa laifi, ya sayo wata.

Na fi tausayin Mai Bargo. Da ya ji hasashen yanayi sai ya kwashe zannuwan gado da barguna ya lulluɓe mangwaronsa kamar amarya, ya naɗa masa tsofaffin ƙwayayen fitilar Kirsimeti, masu ɗumin nan, don na zamani haske kawai gare su. Ƙarfe uku na dare yana tsakar gida da tocila yana duba ma'aunin zafi. Uwargida tana ɗaki tana makyarkyata, da bargonta aka rufe gwanda.

Ƙanwarsa a ɗabi'a ita ce Uwar Tukwane, mai furanni. Komai nata a tukunya yake, har da wata 'yar'uwar yakuwa mai jan fure da ba a miya da ita. Sanyi na zuwa ta jide su zuwa gareji, mota ta kwana a waje.

Sai Ɗan Sa'a, wanda ya raina dashe mai aure. Ƙwallon mangwaro yake binnewa, yana ba da labarin Kyaftin John Haden, da ya shuka ƙwallo a Coconut Grove a 1902 aka sami irin da ya yi suna a duniya. Gaskiya ne, kuma ire-iren Kent da Keitt da Mali ke kaiwa Turai su ma haifaffun Fulorida ne. Abin da ba ya faɗa shi ne ƙwallon irin waɗannan ba ya gadon uwarsa, kuma Kyaftin ɗin ya rasu a 1903, bishiyar ba ta yi 'ya'ya ba sai 1910. Matarsa ce ta sha. Shi namu bayan dogon jira zai tsinki wani abu mai zare da warin kananzir, ya rantse bai taɓa shan mai zaƙinsa ba.

Maƙwabci kam ko tsinke bai dasa ba. Daren sanyi minshari yake. Amma watan Yuli na kamawa, ana bikin mangwaro a lambun Fairchild, sai ga shi a bakin shinge da jaka biyu, yana gaisuwa har da tambayar yara, wai ya zo ya taya ka kada kurege ya riga ka.