Masu Ciwon Sarƙa a Gindin Dutsen Zuma

Akwai wata rumfar bakaniken babur a bakin titin Kaduna zuwa Abuja, daidai Madalla, inda in ka ɗaga kai sai ka yi ido huɗu da fuskar nan ta Dutsen Zuma, wadda ke bayan tsohuwar takardar naira 100. Nan nake kai tsohuwar Jincheng ɗina, nan kuma nake ɓata yammacina a kan benci. Tun da aka kori 'yan acaɓa daga tsakiyar Abuja a 2006, garuruwan gefe irin su Suleja, Madalla da Zuba suka cika da babura, rumfar ba ta rabo da marasa lafiya. Rabinsu kuwa ciwo ɗaya ne: sarƙa na gugar wani abu. Maigidan rumfar ya ce shi mai babur yake fara dubawa kafin babur, don a nan cutar take.

Na farkon zuwa shi ne Mai Waƙa. Ba ya bayani, kwaikwayo yake yi. "Oga, in na saka giya biyu sai ta ce ƙarrr, in na saki mai sai ta ce cakal-cakal." Har da lumshe ido da karkata kai. Abin mamaki, shi ne ya fi kowa taimakon bakanike. Cakal-cakal sarƙa ce ta saki tana dukan murfinta. Ƙarrr mai zuwa tana ɗaukewa kuwa, wani wuri ne a jikin sarƙar ya sandare, ko tayar baya ta karkace. Kafin ya gama rera baiti na biyu an gano matsalar.

Sai Sarkin Ɗauri. Wannan yana da sifana tasa a ƙarƙashin kujera, kuma ya yi imani duk abin da ke motsi a duniya sakaci ne. Kullum da asuba sai ya ja sarƙa har ta koma kamar tsirkiyar baka. Ka gaya masa ana barin ta da wasa na kamar yatsa biyu, milimita 20 zuwa 30 a tsakiya, sai ya dube ka kamar ka ce ya bar ƙofar gidansa a buɗe. Bai san idan fasinja ya hau, babur ya zauna, sarƙar ƙara tsukewa take yi ba. Duk ramin da ya faɗa tsakanin Gauraka da Maje, sandar da ke fitowa daga inji ita ke shan jan, boris ɗin da ke riƙe da ita yana ta ci. Ranar da ya zo da mai yana ɗiga ta bayan ƙaramin sifirokit, maigida ya kama sandar ya motsa ta sama da ƙasa, ta amsa da ɗan ƙwas. Ya ce, "Malam, sai an raba inji biyu." Sarkin Ɗauri ya yi shiru, can ya ce, "Ba za a iya ɗaure ta ba?"

Kishiyarsa shi ne Mai Firgita. Ya cire murfi yana wanke babur, ya taɓa ƙaramin sifirokit ya ji yana ɗan rawa, shi ke nan bai yi barci ba. Har ya fara cigiyar wanda zai sayi akuyarsa. Alhali ɗan farantin ƙarfe ne da noti biyu ke tare da sifirokit ɗin, an yi shi ne ya ɗan yi lilo a kan haƙoran sanda, kuma ɗan shiga da fita kaɗan ba laifi ba ne. Motsin sama da ƙasa na ita kanta sandar shi ne abin tsoro. An yi masa wannan bayani sau uku, an ce ya tafi ba ko kwabo. Ya fita ransa a ɓace, ya nufi wata rumfa neman wanda zai yarda cewa injinsa ya mutu. Ya kuwa samu.

Mai Yankan Ɗiya ba ya sayen sabuwa. Sarƙa ta miƙe har wurin ja ya ƙare, sai ya ce a cire ɗiya biyu. In ka ja ta daga bayan babban sifirokit kana hango rabin haƙori, haƙoran kuma sun lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. In an matsa masa ya sayi sarƙa kaɗai, ya ɗora ta a kan tsofaffin haƙora, kamar aurar da budurwa ga tsohon da ba ya ji. Wata biyu sun cinye juna.

Ɗan Kwalliya kuwa murfin sarƙa ne ba ya so, wai yana sa Boxer ta yi kama da ta tsofaffi. Ya cire ya jefar, ya tsiyaya baƙin mai, ƙurar hunturu ta zo ta kwanta, sarƙa ta koma dutsen niƙa. Shi ne kuma mai zuwa da gefen zanen fasinja a naɗe cikin haƙora, mai zanen na biye da shi tana zazzaga masifa.

Akwai Mai Buhu Uku, wanda ke ɗauko doya daga Dikko a baya, masara a kan tanki, shi kansa a maƙale tsakani. Ya rantse bai taɓa yi wa babur ɗin lodi ba. Maigida bai ce uffan ba, ya ɗora babur a kan ƙafa biyu, ya kama tayar baya ya girgiza hagu da dama, ta yi ta kaɗa kai kamar mai ƙin gaskiya. Bushin ya cinye, robar da sarƙa ke zamewa a kai ta ƙare, ƙarfe ya yi sheƙi inda ake guga.

Wanda na fi so shi ne Mai Aljanu. Ƙarar ba ta zuwa sai ya iso saitin dutse da magariba, don haka mutanen ɓoye ne. Yaron shago ya tsuguna ya duba zanen awo a gefe biyu na tayar baya: hagu na kan layi na uku, dama na kan na biyar. Taya ta kalli gabas, sarƙa ta kalli arewa. Aka daidaita cikin minti biyar. Ya biya, ya hau, ya ce ai dama jiya ya yi sadakar ƙosai.

Mu 'yan benci kuma namu daban ne. Ba mu taɓa riƙe sifana ba, amma babu babur ɗin da zai shigo ba mu yanke masa hukunci tun daga nesa ba. Jiya na ji wata ƙara na ce da ƙarfi, "Wannan boris ne, ko tantama babu!" Maigida ya leƙa, ya sa yatsa biyu ya zaro murfin kwalbar lemo daga cikin kwanon sarƙa. Ya miƙo mini ya ce, "Alhaji, ga boris ɗinka."