Gwiwar Hajiya Mai Kusurwa Shida

Da sanyin bana ya fara kaɗawa na ɗaura aniyar haɗa mayafi da ƙyallayen atamfa, irin wanda ake yanka kowane ƙyalle da kusurwa shida, a jera su kamar saƙar zuma. Ƙyalle bai ba ni wahala ba, telan layinmu buhu guda ya ba ni har yana godiya na rage masa shara. Ma'auni ne ya gagara, wato abin da ake ɗorawa a kan ƙyalle a zagaye da fensir kafin a sa almakashi. Kowace kusurwa sai ta cika digiri 120, a kuma bar kwatan inci a gefe saboda ɗinki. Kwalin taliya bakinsa cinyewa yake, kafin a je ko'ina kusurwar ta daƙushe. Murfin roba kuma santsi gare shi, yana zillewa daga hannu.

Ina gyara wa surukata gado na ɗaga katifa na ga babbar ambulan, ciki da hoton ƙashi. Na murza shi, na lanƙwasa ya dawo daidai. Ba ya yagewa, ba ya jiƙa, almakashi kuwa yana ratsa shi ba gardama. A hoton ƙashi, gefe baƙi ne wuluk, inda ƙashin yake nan ne haske ke wucewa. Mai haɗa ƙyalle kuma tana so ta hango furen atamfar ta cikin ma'auninta don ya zauna a tsakiya. Saboda haka wurin da ya fi haske na zaɓa. Ragowar na mayar cikin ambulan, na danne da katifa, da nufin in dawo in yanki mai kusurwa uku.

Ranar Talatar nan da ta wuce Hajiya ta ce in raka ta asibiti, likita ya ce ta zo da hoton gwiwarta na bara. Ambulan ɗin ta riƙe da kanta tun daga gida, a cikin adaidaita ma a cinyarta ta ɗora. Ina kallonta, tana kallona, ina nufin ambulan ɗin. Sau da yawa na buɗe baki sai wani abu ya danne maganar. Wadda ta san kunyar surukai ba sai na yi mata bayani ba.

Ɗakin likitoci biyu ne, tebur biyu, saboda cunkoso. A ɗaya teburin akwai wani dattijo da sandarsa, yana jiran nasa likitan da ya fita. Namu likitan ya gaishe da Hajiya, ya yi mata bayani a tsanake cewa guringuntsi ba ya fitowa a hoto, don haka tazarar da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ake dubawa, a gwada ta bara da ta bana. Yana magana yana zaro hoton. Ya maƙala shi a jikin akwatin fitila. Ya danna makunni.

Ga ƙashin cinya ya sauko daga sama lafiya lau. Ga ƙashin ƙwauri ya taso daga ƙasa. Inda ya kamata su gaisa, rami ne fari tas mai kusurwa shida, fitila na fitowa ta ciki tana haska goshin likita.

Tun ranar nan, da na rufe ido abin da nake gani ke nan. Yatsan likita ya riga ya tafi zai nuna tazarar, sai ya shige ta ramin ya taɓa gilashi. Ya zaro yatsan ya dube shi. Ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya mayar. Fanka na juyawa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, cikin wannan tashin hankalin sai da na lura gefen nan shida ba wanda ya fi wani ko da gashin ido.

Hajiya ta gyara zama ta ce, "Ka gani ko, likita? Tun bara nake ce wa yaran nan ina jin iska na shiga gwiwar nan, suna cewa tsufa ne."

Sai dattijon nan ya jawo kujerarsa. "Ɓera ne," in ji shi. Likita ya ce, Baba, ɓera ba ya aiki da rula. Dattijo ya ce ai likita yaro ne, bai san ɓeran yanzu ba, nasa gidan har takardar fili suka ci, suka bar hatimin. Maganinsa a barbaɗa barkono a cikin ambulan. Ya juyo wurin Hajiya ya ce tun da ramin ya riga ya fito a hoto, kada ta yarda a yi mata aiki, ta samu man kaɗanya da tafarnuwa ta dinga cusawa safe da yamma, ta kuma daina zama kusa da taga. Hajiya tana gyaɗa kai. Ta tambaye shi ko a ɗumama man tukuna.

Likita ya ce in miƙo katin. Na zuge jaka hannuna na rawa, na jawo kati, zare ya biyo shi, ma'aunin ya biyo zaren, ya faɗo a kan tebur ya yi 'yar rawa kafin ya kwanta. Ga huda a kowace kusurwa inda nake sa bakin fensir. Ga samfefa da na manna a baya don kada ya zame. Ga rubutuna da jar maka a kan ƙoƙon gwiwar uwar mijina: BABBA.

Likita bai ce uffan ba. Ya ɗauka da yatsu biyu, ya kai jikin fitila, ya juya shi, ya sake juyawa, ya shige ramin cif. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce da ba don samfefar ba da ya karanta. Ya tambaye ni da me na fitar da kusurwoyin. Na ce da kamfas ɗin lissafi na yarona: a zana da'ira, a bi gefenta da faɗin kamfas ɗin sau shida. Na so in ƙara da cewa Turawan Ingila ma da tsofaffin takardu suke wannan aiki, har akwai mayafin siliki na 1718 a birnin York da takardun ke cikinsa har yau, amma na ga idon Hajiya.

"'Yar nan," ta ce, "gwiwar tawa ce kika yawata da ita a jaka?"

Dattijo ne ya amsa a madadina. Ya ce kuskuren yarinyar ɗaya ne, gwiwa ba ta da auki. Hoton ƙirji ake nema, ya fi faɗi, ga haƙarƙari a jere sun yi layi ba sai an sa rula ba. Yana da guda uku a gida, ɗaya ma na marigayi wansa ne, ba mai tambaya. Ya ce in zan karɓa in haɗa masa mayafi mai kauri, amma ban da ja, ja na tayar masa da hawan jini.

Kuɗin sabon hoto daga adashena suka fita. Hajiya ta sayi kwaɗo ta sa wa akwatinta, man kaɗanyar kuwa tana shafawa safe da yamma, ta ce iskar ta ragu.