Mu a Layinmu Tare Muke Zuwa Caji Ofis

Benci biyu ne a ƙofar masallacin layinmu, kuma daga an idar da sallar isha'i ba sa rabuwa da mutane sai wajen sha ɗaya. Ana taɓa tsadar shinkafa, a taɓa wasan Kano Pillars, amma ko ta ina aka ɗauko hira sai ta gangaro kan waya: wa aka ƙwace wa tasa, a wane lungu, da ƙarfe nawa. Duk wanda ya zauna a Kano a 2022 da 2023 ya san zancen. Yaro ya tare ka da ɗanbida, kafin ka ce innalillahi ya zare waya, in ka yi gardama ya sa maka ƙarfe. Ta'asar da ake yi da Adaidaita Sahu cikin dare ta kai har gwamnatin Ganduje ta hana su zirga-zirga daga goma na dare zuwa shida na safe, a Yulin 2022.

Mu ma mun yi abin da kowace unguwa ta yi. Mun kafa 'yan sintiri, samari takwas masu gora da tocila da usur, kowane gida yana ba da kuɗin wata. Mun yi karo-karo mun sa fitilun sola a bakin lunguna uku da suka fi duhu. Abin ya ragu, amma ba shi ne ya sauya mu ba.

Wani dare da damina, wajen ƙarfe biyu, usur ya tashe mu. Ko da na fito, an riga an danne wani yaro a gindin katangar makarantar allo, rigarsa duk taɓo, wayoyi biyu a ƙasa kusa da shi, ɗaya gilashinta a fashe. Mutane sun cika, kowa da abin da ya rarumo. Wani ya ɗaga taɓarya, sai Baba Liman ya ratso, ko hula babu a kansa, ya tsaya a tsakani.

“'Ya'yana, ku dubi girman Allah,” in ji shi. “In ya mutu a hannunku, wa zai ɗauki jininsa gobe kiyama?”

Aka haska fuskar yaron. Ɗan layin bayanmu ne, mun san kakarsa, wasu cikinmu sun ci tuwon sunansa. Aka miƙa shi caji ofis da ransa da lafiyarsa. Bayan kwana biyu sai ga shi a bakin titi yana shan rake.

Ranar benci ya ɗauki zafi. An ce an saye 'yan sanda, an ce da mun sani da mun gama da shi tun a daren. Ni ma raina ya ɓaci. Mai Unguwa ya ce a yi haƙuri, ya ɗebi mutum huɗu muka je wurin DPO. Ya saurare mu har muka gama, sannan ya jawo littafin ajiyar ƙara ya buɗe.

“Ranka ya daɗe,” ya ce wa Mai Unguwa, “duba nan. Waye ya zo ya ce wayarsa ce? Waye ya zo ya ce ya ga an kama shi da ita?”

Babu kowa. Masu wayoyin sun karɓi kayansu tun a daren sun shige gida. 'Yan sintiri sun ajiye shi sun tafi barci. Kuma dokar ƙasa ba ta bar ɗan sanda ya yi ta riƙe mutum ba: sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Ba mai ƙara, ba shaida, da me za a gurfanar da shi?

Tsoro ne ya hana mu zuwa, kuma tsoron yana da dalili. Wanda ya ba da shaida shi kaɗai, shi 'yan daba za su tare a hanyar asuba. Ga kuma fargabar ofishin kansa, don kowa ya san an rubuta beli kyauta ne a bango, kowa kuma ya san mutum kan shiga da ƙara ya fito an ce ya kawo kuɗin mai. Talaka da aka yi wa sata ba ya son a sake taɓa masa aljihu.

Tun daga ranar muka ɗaura wa kanmu ƙa'ida, ba mai zuwa caji ofis shi kaɗai. In an yi wa ɗan layi sata, mutum uku ke raka shi: dattijo ɗaya, ɗan sintirin da ya gani da idonsa, da wakilinmu a kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, wanda ake kira PCRC. Kwamitin ya daɗe, tun 1984 aka kafa shi, mu ne dai muka bar shi ga masu manyan riguna. Idan mutum uku suka sa hannu a takarda, babu wanda za a ware a yi wa barazana, kuma zancen kuɗin mai ba ya tasowa a gaban dattijo mai furfura.

Kwalin waya ma yanzu ba ma yar da shi. Lambar nan ta IMEI, da ke fitowa in ka danna *#06#, kowa ya rubuta tasa ya ajiye, don ita ce shaidar cewa wayar taka ce. Wanda kuma ya zo mana da waya mai araha ba kwali ba rasit, ba ma saye, ko ɗan uwa ne. Ba don mai saye ba, da ɓarawo bai tare kowa ba.

Inda abin ya fi ciwo shi ne cikin gida. Mata su ke fara gani: wayar da ba a san inda yaro ya samo ba, ƙwayar da aka tsinta a aljihun wando wajen wanki. Da can rufin asiri ake yi, har sai an kawo gawa ko an zo kame. Lokacin da kwamishinan 'yan sanda Mohammed Usaini Gumel ya kira 'yan daba a 2023 su ajiye makamai a yi musu afuwa, da yawa sun amsa, kuma a layinmu wata uwa ce ta riƙo hannun ɗanta har ƙofar Mai Unguwa.

“Baba, ga shi nan,” ta ce, muryarta na rawa. “Na gaji da kwana ido biyu.”

Yanzu yaron yana koyon walda a bakin titi, kuma ubangidansa ɗan bencinmu ne, kullum sai an tambaye shi ya almajirinsa yake.

Ba a daina sata a unguwarmu ba. Makon jiya ma an ɓalle shagon mai cajin waya, an kama mutum ɗaya da kayan. Ranar Talata za a shiga kotu, kuma jiya a benci aka tsayar da masu rakiya: Baba Liman, da ɗan sintirin da ya busa usur, da ni. Mai shagon ya ce zai taho da rasit ɗinsa duka.