Gaisuwa Ga Ma'abota "Irin Wannan Sak"

Allah ya ja zamanin mutumin da ya shiga shagon tela da waya a hannu, ya buɗe hoton wani dogon saurayi siriri a Instagram, ya ce, "Irin wannan sak nake so." Gagara-madubi, na gaban awo, mai tumbin da kan riga shi shiga zaure ya yi sallama a madadinsa! Maroƙa sun shagala da masu mulki da masu naira, sun bar masu ƙarfin hali ba kirari, alhali ga gwarzon da ya dubi jikin da Allah ya ba shi, ya ƙi yin shawara da shi ko sau ɗaya.

Mutanen da, Allah ya jiƙansu, matsorata ne a sha'anin sutura. Sun dubi zafin bazara, sun dubi yadda jikin ɗan Adam ke buɗewa idan arziki ya zauna, sai suka yanka riga mai yalwa da iska ke shiga ta gefe ta fita ta wuya. Suka yi buje da za a hau doki da shi a sauka ba a ji ƙarar komai ba. Suka ƙawata gaban riga da aska biyu ko aska takwas, aikin allurar da maɗinkan Zariya da na ƙasar Nufe kan shafe watanni a kansa, wai don ido ya tsaya a kan aljihu ya ƙyale abin da ke ƙarƙashinsa. Babbar riga ta rufa wa mai ƙiba asiri, ta ara wa ramamme kwarjini. Wannan ai rowa ce. Tumbin da aka tara da tuwon shinkafa da miyar taushe da balangun dare, a ce jama'a ba su da hakkin ganinsa?

Gwarzonmu ya gyara wannan kuskure. Ya je Kantin Kwari ya yanko yadi 5 na Getzner, shaddar da ake saƙawa a Ostiriya a kamfanin da ya faro tun 1818. Masaƙan can, da yake ilminsu bai kai nasa ba, auduga suka yi ta da ita, ba ta miƙewa ko da ɗan yatsa. Shi kuwa ya ba da umarni a ɗame ta a ƙirji, a tsuke hannu, wando ya tsaya a saman idon sawu. Ranar da ya fito, maɓallai suka shiga jihadi, kowanne yana riƙe da bakin aikinsa da kyar, aljihun gefe ya wangame baki yana gaida masu wucewa. Da aka je ɗaurin aure aka shimfiɗa tabarmi, sai ya gaida surukansa a tsaye ƙyam. Masu gajeren tunani suka ce rashin kunya ne. Ina! Mutumin da ya 'yanta al'umma daga wahalar durƙuso da taimakon wando kaɗai, ai sarauta ya kamata a naɗa shi.

Kada a manta da ƙaninsa a jarumtaka, gajere uban tafiya, wanda ya ce sai yadi 10, kuma tsawon rigar ya zama na mai hoton. Duk layin da ya bi ya share shi kyauta, hukumar kwashe shara ba ta taɓa aiko masa da ko takardar godiya ba.

Amma a wannan fage mata sun yi wa maza fintinkau. Ranki ya daɗe, uwar biki, sarauniyar adalci, wadda ta fitar da anko ta kuma yanke cewa ɗinki ɗaya za a yi wa kowa! Doguwa da gajeriya, mai jego da budurwa, gwaggon amarya da ƙawarta ta makaranta, duk turmi ɗaya mai yadi 6, duk salo ɗaya. Ta zaɓi atamfar Holan mai furen da ya kai faifai, har ƙanwar ango, 'yar mitsitsiya, ta samu fure ɗaya da rabi tun daga wuya har ƙafa. Ina aka taɓa ganin daidaito irin wannan, ko a kotu? Sai kuma ɗinkin kwaset, mai sandunan roba da igiyar ɗaurewa ta baya, wanda sai an kira mutum biyu su taimaka kafin a shige shi. Mai sanye da shi ta wuce matsayin masu numfashi barkatai. A wurin dina tana zaune a gefen kujera a miƙe, an ajiye mata shinkafa da kaza ta kau da kai, tsabar zuhudu. Shigarta Adaidaita Sahu kuwa, da siket ɗin da bai yarda gwiwa ta rabu da 'yar'uwarta ba, darasi ne da ya kamata a riƙa koyarwa a jami'a.

Duk wannan ɗaukaka ba za ta samu ba sai da tela, ma'abocin "an gama, ranka ya daɗe", wanda kalmar a'a ba ta taɓa ratsa haƙoransa ba. Tef yana rataye a wuyansa don ado. Awon da ya ɗauka sallar bara waccan yana nan a littafi, kuma ya fi ƙarfin ya ci mutuncin Alhaji da zargin cewa ya ƙara ƙiba. Shi ya san ladabi.

Akwai dai ragowar maƙiyan ci gaba, tsofaffin telolin da ke fakewa a lungu da kekensu Singer. Ka kai musu hoto, sai su dubi hoton su dube ka, su fara surutu. Wai ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai inda kafaɗa ta ƙare. Wai mai tumbi a sakar masa riga daga ƙirji ta sauka ƙasa da gwiwa, gajere ya nemi yadi mai zane a tsaye ya rage tsawon riga, mai ƙaramin jiki ta ɗauki atamfa mai ƙananan fure, mai faɗin ƙugu a buɗa mata siket daga sama. Har sukan bar rarar yadi a ciki don gaba, kamar an ce musu mutum zai canza. Ɗayansu ma yakan yi ƙarfin halin cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wa ya tambaye shi? Kuɗin shaddar nasa ne?

Alhamdu lillahi, kasuwa ta hukunta su. Layi yana ƙofar telan zamani, kafin Sallah da bayanta. Kafin Sallah a zo a ɗame, ran uku ga Sallah a dawo da riga a leda ana cewa, "Malam, a ɗan buɗa mini nan." Shi kuwa, mai hangen nesa, bai bar ko rabin inci a ciki ba, sai dai a koma Kwari a ƙaro yadi, in an yi sa'a launin bai ƙare ba.