Jinjina Ga Sarakunan Hoto

Ranku ya daɗe, sarakunan zane, masu wanke yaro tas ba tare da sun ɗebo ruwa ba! Gaishe ka Thomas Lawrence na Ingila, gwani na gwanaye, wanda a 1794 ya zana Sarah Moulton, 'yar shekara 11, cikin farar riga, iska na kaɗa igiyar hularta. Arzikin gidansu daga gonakin rake na Jamaika ya fito, inda bayi ke noma, amma saboda tsabar iya aiki ko ɗigon gumin bawa bai taɓa zanen ba. A zamanin ne ƙananan yara ke kutsawa bututun hayaƙin gidajen Landan suna kankare kunkunniya, masu zanen 'ya'yan manya kuwa, da yake Allah Ya yi su da kunya, suka kau da kai. Shi ko Rousseau, limamin tsarkin ƙuruciya, mai littafin Emile na 1762, ƙaunar yara ta cika masa zuciya har ba ta bar wa nasa biyar wuri ba, ya miƙa su gidan 'yan tsintuwa.

Madalla, gado bai faɗi ba. Ga magajinsu ɗan birni, mai kyamara a wuya, hadarin da ke sauka tsakiyar hunturu, mai sa ciki wofi dariya. Ina aka taɓa ganin tawali'u haka? Har ƙasa yake durƙusa wa almajiri, ya gyara masa riƙon allo, ya ce, "Ɗan malam, yi murmushi," ya jira hasken la'asar ya kwanta a kumatu. Robar bara da ƙafa yake ture ta gefe, kada ta zubar wa yaro mutunci. Hoton a gwiwa yake tsayawa, domin faso da ƙazwa sirri ne, mai mutunci kuma ba ya tona asiri. 'Yar talla da ya kamata a ce tana aji uku, ya mai da ita sarauniyar ƙauye a Instagram, bai kuwa sayi gyaɗar ko ta naira hamsin ba, gudun kada ya cusa mata son abin duniya.

Mahukunta ma, taka lafiya! Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Kano ta nutsu, ta yi nazari, ta sa hannu a tata a 2023, lokacin da jariran wancan zamani suka soma goyon nasu. Hotunan ɗan birnin nan ne ke ƙawata bangon otal a tarukan bita na Abuja, inda manya ke tsayawa gabansu cikin tausayi har sai an ce abinci ya sauka.