Laccar da ake ta shiryawa

Matasan da ke rubuta manhajar kwamfuta a Birnin Kebbi sun ce lallai a yi musu lacca kan yadda gwani zai ja na baya a sana'a. Madalla. Aka kafa kwamiti, kwamitin ya buɗe zauren WhatsApp, zauren ya duƙufa gardama kan ko shinkafa za a ci ko fanke.

Samun mai laccar ne aiki. Duk yaron da hannunsa ya faɗa, ɗan Kwalejin Waziri Umaru ne ko na Jami'ar Tarayya ta Kalgo, ba ka sake jin ɗuriyarsa sai an ce an gan shi da jakar goyo a filin jirgin Ambursa. Da wani ya ce a kai taron bakin ƙofar filin, a tare su kafin su hau, ba kowa ya yi dariya ba.

Wanda aka samu ya aiko da kanun jawabinsa: haƙuri da ɗalibi, bin aikinsa layi-layi a GitHub, barinsa ya gano kuskurensa da kansa. Wannan na ƙarshen kam ya iya shi. Ɗalibinsa ya tura masa tambaya tun kafin azumi, har yau alama biyu shuɗɗa kawai yake kallo. Masuncin Argungu ko kusa ba ya koya wa ɗansa riƙon homa daga kan tudu.

Saura tsayar da rana. Asabar akwai ɗaurin aure, Lahadi kowa na fadama, mai janareta kuma ya ce sai ya ga kuɗin mai tukuna.