Girkin Nan Daban Ne

Kwana uku ke nan, amma har yanzu mai wannan shafi in ya tuna sai ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ƙaramar Sallah ce, wadda mutanen Maleshiya ke kira Hari Raya, lokacin da ake buɗe ƙofar gida ga kowa. Aka gayyace shi wani gida a Kampung Baru, tsohuwar unguwar Kuala Lumpur da aka kafa tun 1900, inda gidajen katako ke kallon tagwayen benayen Petronas masu hawa 88. Aka ajiye masa lemang, shinkafa mai danƙo da ake dafawa da madarar kwakwa a cikin gora, ga kuma rendang, naman da ya sha wuta har romonsa ya ƙafe. Loma ɗaya, santi ya kama shi.

Uwargidan, dattijuwa mai fara'a, ta tambaye shi da Turanci yaya ya ji abincin. To, a Kano in aka ce "girkin nan daban ne", an ƙure yabo. Sai ya ɗauko maganar ɗungurungum ya juye mata: "different".

Ludayi ya tsaya cak a hannunta. Ashe da wannan kalma baƙo mai kara yake fakewa idan abu bai yi masa ba. Ya ga fara'a ta gushe, sai ya shiga gyara. Ya ce "various", wato iri-iri, alhali nama ɗaya ne a farantin. Ya ce "distinct". Shiru. Can ƙasan ƙwaƙwalwa, inda Turancin aji uku ke kwance, "peculiar" ta taso, ya kuwa furta ta da murmushi har da ɗaga babban yatsa. Tsohuwar da ta kwana tana juya tukunya, ita ya gaya wa cewa girkinta da ayar tambaya a kai. Har da yatsa, jama'a.

Wani Bakatsine mai digiri na uku ya sunkuyo, baki cike da nama: "Malam, 'diverse' za ka ce. Ita muke sawa a takardar neman tallafi, ba ta taɓa ba mu kunya ba."

Ya ce "diverse".

Tsohuwa ta janye farantin a hankali, ta aiki jikanta ya kawo wa baƙo shayi da burodi. Bakatsinen ya jawo farantin gabansa, ya faɗi kalma ɗaya tak da ya iya a yaren ƙasar, "sedap", wato daɗi. Aka ƙara masa ludayi biyu.